A Koma Ga Tsare Masu Taɓin Hankali A Asibiti?

A shekarar 1955 asibitocin gwamnati na masu taɓin hankali a Amurka suna riƙe da mutum fiye da dubu 550. Da aka sami sababbin magunguna, aka kuma bankaɗo wulaƙancin da ake yi a ciki, sai aka shiga rufe su. Amma kulawar da aka alkawarta a cikin gari ba ta wadata ba, da yawa suka ƙare a bakin titi ko a kurkuku. Shi ya sa wasu ke cewa a koma gidan jiya.

A ganinmu, tambayar farko ita ce: don wa ake tsare mutum? In don ya sami magani da kariya ne, akwai 'yan kaɗan da ciwonsu ya tsananta har suke bukatar dogon zama, hana su gado kuwa rashin tausayi ne. In don mu huta da ganinsa ne, to, kurkuku muka gina, ko da mun rubuta asibiti a ƙofa. Cikin surar Allah aka halicce shi, ciwo bai tuɓe masa wannan daraja ba.

A Gil ta Beljiyam, garin Waliyiya Dimfna, iyalai sun yi ɗaruruwan shekaru suna karɓar irin waɗannan marasa lafiya a gidajensu. A Aro ta Abeokuta ma, daga 1954 Dakta Lambo ya zaunar da su a ƙauyuka tare da danginsu, suna karɓar magani.

Saboda haka, dogon zama ya tsaya ga 'yan kaɗan, a riƙa sake duba shawarar, dangi su riƙa ziyara, ƙofar komawa gida kuma ta zauna a buɗe.