Lissafin Farfela Tsakanin Zato da Yaƙini

Farfelar injin samar da lantarki daga iska, da ta jirgi mai saukar ungulu, da ta manyan fankokin da ke sanyaya injina a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, duk aiki ɗaya suke yi: juyi ba ƙaƙƙautawa, iska na dannarsu, nauyinsu na jan su. Manya daga cikinsu akan yi su da zaren gilashi da aka jiƙa da gam, a shimfiɗa shi hawa-hawa, a bar cikin da rami. Ƙarfin yana ga ɓawon, kamar yadda yake a karan dawa. Tambayar da sana'ar ƙera su ke tayarwa ita ce: shin ya halatta mutum ya ɗora rayuka da dukiya a kan lissafin da shi kansa ya san bai kama gaskiyar abu gaba ɗaya ba?

Injiniya ba ya bin kowane zare ɗaya-ɗaya. Yakan ɗauki farfelar a matsayin sanda guda, ya auna yadda take lanƙwasa, da yadda take murɗewa, da yadda take miƙewa. Galileo ya taɓo matsalar a 1638, amma ya kuskure yadda nauyi ke rarrabuwa a jikin sandar. Euler da Bernoulli suka kafa ƙa'idar lanƙwasa wajen 1750, Timoshenko ya faɗaɗa ta a 1921, Vlasov kuma ya yi bayanin sanduna masu siririn bango a 1940. Zaren gilashi ya zo da tasa wahalar: idan aka shimfiɗa shi a karkace, lanƙwasa kan jawo murɗewa, abin da tsohon lissafi bai hango ba. Kowane mataki gyara ne ga na baya, kuma babu wanda ya zama na ƙarshe.

Malaman usulul fiƙihu sun daɗe da bambance yaƙini da zato mai rinjaye, suka kuma tabbatar cewa ana aiki da na biyun inda na farko ya gagara. Mai salla a Kano ba ya ganin Ka'aba da idonsa. Yana bin alamu ya fuskanci alƙibla, sallarsa kuma ta inganta. Haka lissafin injiniya yake: zato ne mai ƙarfi da aka gina a kan hujja. Laifi yana shigowa ne lokacin da aka yi wa zato kallon yaƙini, aka daina bincike.

Saboda haka sharuɗɗa uku ke kan mai lissafin. Ya bayyana abin da ya bari a waje. Ya bar rarar ƙarfi domin abin da bai sani ba. Sannan ya gwada: a ɗaure gindin farfela, a ja ta da igiyoyin ƙarfe, a girgiza ta sau miliyoyi har a ga inda za ta tsage. Wurin aiki ma yana da tasa magana. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa injinan iska 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne mai ƙarfin kilowat 275. Ƙurar hunturu da zafin bazara na wannan yanki suna cin bakin farfela, suna gajiyar da gam, don haka dole lissafi ya san da su.

Akwai kuma batun amana. Bayan an shafe farfela da fenti, mai saye ba ya ganin hawan zaren da aka rage, ko inda gam bai ratsa ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da ɗan kasuwar da ya ɓoye jiƙaƙƙen abinci a ƙarƙashin busasshe ya sanya irin wannan a cikin algus, fiƙihun Malikiyya kuma ya bai wa mai saye haƙƙin mayar da haja saboda ɓoyayyen aibi. Leburan da ke aiki a ƙarƙashin fanka a Challawa bai ga lissafin ba, ya dogara ne ga wanda ya yi shi.

Tawakkali yana zuwa ne bayan an cika waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya lissafa, ya gwada, ya faɗi iyakar saninsa, in abu ya karye ba shi da alhaki. Wanda ya tsallake su kuwa ba zai fake da ƙaddara ba, domin sakaci ne, kuma shari'a tana ɗora masa biyan ɓarnar.