Shin Tsuntsu Yana da Hakki a Lambunki?

Yau da tambaya nake tafe, kuma daga Amarawa na ɗauko ta, garin nan na ƙasar Illela a jihar Sakkwato, dab da iyakarmu da Birnin Ƙonni. A can idan watan Afrilu ya kama, zafi kan haura digiri 40, damina kuwa sai wajen Yuni. Duk da haka za ki shiga gida ki tarar da 'yar kusurwa an kewaye ta da kara: ga zogale, ga rama da yakuwa, ga tumatir a tsohon bokiti. Da ruwan da matar gida ta ja da hannunta, ko ta saya da kuɗinta, take raya su. Sai ta wayi gari tsuntsaye sun huda tumatirin, ƙadangare ya tsinke tohon. To, abin nan da suka ci, sata ce ko rabonsu ne?

Na san abin da za ki ce. Wahala taki, miya ta 'ya'yanki, kuma ba wanda ya ɗora miki ciyar da kurciya. Mai gidanki ma yana iya tuna miki ɓarnar jan-baki, tsuntsun da ke sauka dubbai a gonar gero ko dawa ya bar manomi da kara. Duk gaskiya ne. Kare abincin iyali haƙƙinki ne. Ki lulluɓe tumatirinki da tsohon gidan sauro, ki gyara shingenki, ba ki yi laifi ba.

Amma 'yar uwa, tsare kayanki daban, ƙeta daban. Barbaɗa guba domin duk abin da ya shigo ya mutu, ko zura ido yaro yana kakkaɓo sheƙa da danƙo don wasa, wannan ya wuce tsaro. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) hadisin da ke nuna cewa abin da tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa shi sadaka. Kin ga ke nan tumatirin da aka huda bai tafi a banza ba.

Ki kuma duba aikin da suke yi miki. Kwaɗon da ke ɓuya a gindin randa ƙwari yake ci da dare. Ƙananan tsuntsaye na tsince tsutsar da ke cinye ganye. Kudan zuma shi ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan har kabewarki ta yi 'ya'ya. Gubar ba ta zaɓe, da mai ɓarna da mai taimako duk kashewa take, ta kuma saura a ganyen da za ki dafa. Iyayenmu sun fahimci haka. Shamuwa na zuwa gabanin damina ta yi sheƙa a itacen tsakar gari, tana cin fara, kuma tun muna yara aka hana mu jifar ta.

Saura maganar ruwa, don a nan ne gardamar ta fi ƙarfi. Almubazzaranci ne a ajiye wa tsuntsu ruwa a garin da ake sayen jarka? Idan 'ya'yanki na da ƙishi, su ne farko, babu ja. Amma ruwan alwala da na wanke shinkafa da muke shekawa a kwata ya isa ya cika fasasshen kasko. Ki ajiye shi a inuwa, inda kyanwa ba ta kaiwa. Sai dai ki riƙa zubarwa a gindin zogale kullum kina sabuntawa, domin sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ya kwanta. Kada neman lada ya jawo wa gidanki zazzaɓi.

A ganina, tsuntsu ba ya da iko da dukan lambunki, amma yana da hakkin kada ki zalunce shi, kuma ɗan abin da ya tsinta rabonsa ne. Yaranki na kallon yadda kike yi da wanda ba ya iya kai ƙararki ko'ina, kuma daga nan suke koyon yadda za su yi da mai rauni. Gobe da safe ki miƙa wa ƙaraminsu kaskon, ki ce aikinsa ne ya cika shi. Allah Ya sa mu dace, amin.