Taron Addu'a a Gida da Dokar Unguwa

Tun ba a gina ɗakin sujada ko ɗaya ba, masu bi na fari cikin gidaje suke taruwa. Biriskilla da Akila suna da ikilisiya a gidansu, har Bulus ya aika mata da gaisuwa cikin Romawa sura 16. Saboda haka kadan muka ji an ci wani tara domin ya tara mutane karatun Littafi Mai Tsarki a gidansa, nan da nan zuciyarmu takan ce, ga tsanani ya zo. Amma ya kamata mu dakata tukuna.

A Amurka hukumar gari takan rarraba ƙasa, nan wurin gidajen kwana, can wurin kasuwa, can na masaƙu da maƙera. Mai son kafa ɗakin sujada cikin unguwar kwana sau da yawa sai ya nemi izini. A 2011 hukumar San Juan Capistrano, a jihar Kalifoniya, ta ci wani maigida da matarsa tarar dala 300 saboda taron karatu da suke yi ba izini. Daga baya aka mayar musu da kuɗinsu.

Ashe hukuma ba ta da magana ke nan? Tana da ita. Attaura kanta ta umurci mai gina sabon gida ya ja wa soronsa rawani, kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kansa (Kubawar Shari'a 22:8). Wannan dokar gini ce sosai, tushenta kuwa ƙaunar maƙwabci. Mun kuma tuna da Aftikos, saurayin nan na Taruwasa, wanda barci ya kwashe shi ya faɗo ta taga daga bene na uku, Bulus yana cikin wa'azi. Tsarkin taro bai hana shi faɗuwa ba.

Akwai kuwa wata irin doka dabam, watau irin ta sarki Dariyus cikin Daniyel sura 6. Daniyel bai tare wa kowa hanya ba, bai hana kowa barci ba. Addu'ar kanta aka nufa da dokar, shi ya sa ya ƙi binta.

To, ƙaƙa za mu rarrabe su? A ganinmu sai mu tambaya, me dokar take aunawa: abin da taron ya jawo wa maƙwabta, ko kuwa abin da aka taru dominsa? A 2000 majalisar Amurka ta kafa doka cewa kada dokar ƙasa ta ƙuntata wa taron addini fiye da taron da ba na addini ba. A kan wannan, a 2005, wata kotun ɗaukaka ƙara ta duba shari'ar wani malamin Yahudawa a jihar Filorida wanda aka hana shi taron addu'a a gidansa. Alƙalai suka lura cewa da mutanen nan kallon wasa suke zuwa yi, da ba wanda zai tanka musu. Motocin ɗaya ne, yawan mutanen ɗaya, addu'a kaɗai ta bambanta su. Mu lura kuma, ba Kirista ba ne aka yi wa haka. 'Yancin da muke nema wa kanmu, tilas mu nema wa wanda ba ya sujada irin tamu.

Abin da ya faru a birnin Finiks na jihar Arizona ya fi nauyi a gare mu. A 2012 aka ɗaure wani mai wa'azi kwana 60, mutane da yawa suka ce saboda bishara ne. Amma ya gina babban ɗaki a bayan gidansa da izinin ɗakin wasa, sa'an nan ya riƙa tara jama'a ciki, bai cika ka'idodin gini da na tsaron gobara ba. Ko hukuncin ya yi tsanani, wannan abin muhawara ne. Sai dai da wuya mu kira shi Daniyel, gama abin da ya faɗa wa hukuma dabam, abin da ya yi da ɗakin dabam. Da wuta ta tashi ran Lahadi, 'yan'uwansa ne za su yi ta neman ƙofa cikin hayaƙi.