Riƙon Amana a Bakin Aiki: Asirin Mutane Ba Kayan Hira Ba Ne

Karatu: 1 Sama'ila 22:6-23, Karin Magana 11:13

Lokacin da Dawuda yake gudu daga Sarki Saul, ya biya ta garin Nob. Ahimelek firist ya ba shi gurasa, ya kuma ba shi takobin Goliyat, bai san cewa sarki yana neman ransa ba. A ranar nan akwai wani ma'aikacin sarki a wurin, sunansa Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan Saul. Ya ga duk abin da ya faru. Daga baya ya kwashe labarin ya kai wa Saul. Sakamakon wannan rahoto, firistoci 85 suka hallaka a rana ɗaya, aka kuma karkashe mutanen Nob. Doyeg bai ƙirƙiro zuwan Dawuda ba, da idonsa ya gani. Zunubinsa ya fara ne sa'ad da ya zuba abin da ya sani a kunnen mai mugun nufi domin neman tagomashi.

Abin da ake damƙa wa ma'aikaci

A garin Jere da ke Ƙaramar Hukumar Kagarko, a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, da sauran garuruwa har zuwa Kwoi da Kafanchan, masu bi da yawa suna aikin da ke sa su san cikin mutane. Ma'aikaciyar jinya ta san cutar da ke damun maƙwabcinta. Malamin makaranta yana riƙe da sunayen yara da lambar wayar iyayensu. Mai POS ya san manomin da ya sayar da citta, da yawan kuɗin da ya cira. Lauya ya san rigimar gādon da ke cikin gida. Dole ce ta sa mutane suka buɗe musu cikinsu, don suna neman magani, ko ilimi, ko hakkinsu.

A yankin da ya sha wahalar masu garkuwa da mutane, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Maganar da aka saki a wurin mai shayi game da wanda kuɗi ya shigo masa tana iya kwana a daji. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, sau da yawa kuwa wuyan wani yake yankawa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan Nijeriya hakkin sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana labarin rashin lafiyar mutum, sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko na doka, ko kuwa in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban hatsari.

A ranar 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta shafi bayanan da ke cikin kwamfuta da waɗanda ke cikin littafin rajista. Ta ce kada a karɓi bayanin mutum sai da dalili na halal, kada a karɓi fiye da abin da ake bukata, kada kuma a yi amfani da shi don wani abu dabam da dalilin karɓarsa. Ta ƙara tsanantawa a kan bayanan lafiya, da addini, da ƙabila. Mutum yana da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar babbar ma'aikata tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekara, duk wanda ya fi yawa. Tun kafin wannan doka ma, a 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin ba da rance na Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda aika saƙonnin tona asiri ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi.

Abin da Ubangiji yake so

Dokar ƙasa sabuwa ce, amma koyarwar tana nan tun dā. Littafin Karin Magana ya bambanta mai yawo da magana da mutum amintacce, ma'aunin kuwa shi ne yadda kowannensu yake yi da asirin da ya sani. Yusufu, da ya ga Maryamu da ciki, ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye don kada ya kunyatar da ita, Matiyu kuwa ya shaide shi adali ne. Yesu Almasihu ya koyar cewa a fara samun ɗan'uwa mai laifi shi kaɗai kafin a kira shaidu. Saboda haka Kirista ba ya jiran tsoron tara kafin ya kame bakinsa. Mutumin da sunansa ke cikin fayil an halicce shi cikin siffar Allah, mutuncinsa kuma yana da tsada.

Ikkilisiya ta duba gidanta

Ikkilisiya ma tana riƙe da bayanai masu nauyi: rajistar baftisma da ta aure, littafin zakka, sakamakon gwajin jini na masu shirin aure, da abin da ma'aurata suka faɗa wa Fasto cikin hawaye. Ya kamata magatakarda da ma'aji su kulle waɗannan littattafai, dattawa kuma su bar maganar majalisa a inda aka yi ta. Akwai tsegumin da ke sa rigar roƙon addu'a. A taron Zumuntar Mata ko a zauren WhatsApp sai a ambaci sunan 'yar'uwa da cutarta dalla-dalla, wai don a yi mata addu'a, alhali ba a nemi izininta ba. Allah ya san sunanta da ciwonta, jama'a suna iya yin roƙo dominta ba tare da an tsiraita ta ba.

Sai dai riƙon asiri ba mafakar mugunta ba ce. Inda ake lalata da yaro, ko ake ƙulla ɗaukar rai, shiru haɗa kai ne da mugu. A nan sai a kai magana ga hukumar da ta dace, kada a kai ta kasuwa.

Kammalawa

Kafin mai bi ya faɗi abin da ya sani ta wurin aikinsa, ya tambayi kansa abu 3: Mai maganar ya yarda? Wanda zai ji yana da hakkin ji? Faɗar za ta ceci wani ko za ta cuce shi? Iyaye su koya wa 'ya'yansu tun suna ƙanana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, su kuma nuna gurbi ta wurin barin labarin ofis a ofis. Ubangiji ya sa a sami jama'arsa da aminci cikin ƙaramin abu da babba. Amin.