Malami da Ƙofar Aiki: Kulawa Ce ko Son Kai?

Akwai tambayar da iyaye da yawa suke yi a zuci sa'ad da suka raka yaronsu tashar mota zai tafi jami'a ko kwalejin ilimi: wa zai kula da shi a can? Sun biya kuɗin makaranta, wataƙila bayan sun sayar da masara ko akuya, sun ɗaure masa gari da mai, sun sa masa albarka. Daga nan hannunsu ba ya kai wa kuma. Shekara uku ko huɗu yaron zai zauna a ƙarƙashin mutanen da iyayensa ba su taɓa gani ba, waɗannan mutane kuwa za su yi tasiri ƙwarai a kan irin mutumin da zai zama da kuma aikin da zai ci abinci da shi.

Wannan ya kawo mu ga batun da muke so mu yi tunani a kai. Idan malami ya shiga aji ya koyar, ya ba da jarrabawa, ya duba takardu, ya tafi gida, ya sauke nauyin da ke kansa ke nan? Ko da sauran bashi? In kuma ya ɗauki ɗawainiyar nema wa ɗalibinsa hanyar aiki, yaya za mu bambanta kulawa da son kai?

Uzurin malami

Ya kamata mu fara da jin ta bakin malamin, gama yana da abin faɗa. A manyan makarantun gwamnati ba abin mamaki ba ne malami ɗaya ya tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, waɗansu a zaune, waɗansu a bakin taga. Albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ɗauki wajen wata tara, na 2022 kuma ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan kowane yaji sai a matse karatun zango a cikin 'yan makonni. Malamin da ke cikin wannan hali zai iya cewa, "An ɗauke ni in koyar ne, ba a ɗauke ni in yi reno ba." Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, ba daidai ba ne kuwa a ɗora masa dukan nauyin da yake na uba da uwa.

Duk da haka uzurin bai rufe maganar ba. Manomin da ya watsa iri ya juya baya, bai damu ko ya tsiro ko bai tsiro ba, ba za a ce ya yi noma ba. Manufar koyarwa ita ce ɗalibi ya koya, ya kuma iya amfani da abin da ya koya. Wanda bai damu da wannan ba, ya cika sa'o'in aikinsa ne kawai.

Mece ce kulawa?

Wata malama 'yar Amurka mai suna Nel Noddings, wadda ta yi shekaru tana koyar da lissafi kafin ta zama masaniyar falsafar ilimi, ta wallafa littafi a kan kulawa a 1984. Abin da ta nuna shi ne, kulawa dangantaka ce tsakanin mutum biyu, ba ta cika sai wanda ake kula da shi ya gane cewa ana kula da shi. Malami zai iya rantsuwa cewa yana ƙaunar ɗalibansa, amma in babu ko ɗaya cikinsu da zai iya ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa ba tare da fargaba ba, to ƙaunar ta tsaya a zuciyarsa, ba ta iso wurinsu ba.

Kada kuma a ɗauka kulawa sassauci ce. Malamin da ya ba yaro makin da bai cancanta ba ya cuce shi, ya kuma cuci majinyacin da yaron zai yi wa allura gobe ko yaran da zai koyar. Kulawa takan zo da tsanani. Ita ce malami ya lura cewa ɗalibar da take zama a gaba ta yi mako uku ba ta zo ba, ya tambayi dalili. Ita ce ya mayar wa ɗalibi aikinsa ya ce, "Ka fi wannan iyawa, je ka sake." Ita ce kuma ya tambaye shi tun yana aji biyu, "Me kake so ka yi da wannan karatu?" Gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Masu tarihin ilimi sukan ce aikin ba ɗalibai shawara a kan sana'a a Nijeriya ya faro ne a 1959, a makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan. Sistocin Katolika da ke riƙe da makarantar sun ga 'yan matan da za su gama ba su san inda za su nufa ba, sai suka gayyato ma'aikata daga fannoni dabam-dabam su zo su yi musu bayanin ayyukansu. Babu wanda ya umarce su, damuwa da makomar yaran ce ta sa su. Daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da muhimmancin wannan aiki a makarantu.

Ɗan da ba shi da kowa

Bari mu ɗauki ɗalibai biyu a aji ɗaya, masu ƙoƙari iri ɗaya. Lokacin koyon aiki ya zo, wato shirin SIWES da hukumar ITF mai hedkwata a Jos ta ƙirƙiro a 1973. Na farko kawunsa ya buga waya sau ɗaya, an karɓe shi a babban kamfani. Na biyu ɗan manomi ne, shi ne farkon wanda ya shiga jami'a a gidansu, ya yi ta yawo da wasiƙa daga ofis zuwa ofis har takalminsa ya cinye. Bayan hidimar ƙasa labarin zai maimaita kansa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya nuna a 1973 cewa mutane sun fi jin labarin aiki daga waɗanda suka sani sama-sama fiye da aminansu na kusa. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, amma wanda kuke gaisawa jefi-jefi yana shiga inda ba ka shiga. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike a kan mutane sama da miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, wanda ya ƙarfafa wannan magana. To, ɗan manomin nan ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, irin wannan sanayya ce ba shi da ita. Mutum guda a rayuwarsa da yake da ita shi ne malaminsa, wanda tsofaffin ɗalibansa suke warwatse a asibitoci da bankuna da ma'aikatu da kamfanoni.

A nan ne kafofin sada zumunta suka kawo abin da babu shi a dā. Kafin wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, malami sai dai ya rubuta wasiƙa ga mutum ɗaya saboda ɗalibi ɗaya. Yau zai iya buɗe zaure a WhatsApp, ya haɗa ɗaliban ajin ƙarshe da waɗanda suka gama shekara biyar ko goma da suka wuce. Duk gurbin koyon aiki ko tallafin karatu da ya ji, sai ya sa a wurin, kowa ya gani a lokaci guda. Zai iya ware rabin sa'a a zango ya nuna musu yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake tsara shafi a LinkedIn, ya koya wa mai karatun gine-gine ko ɗinki ko aikin gona ya riƙa ajiye hotunan aikin hannunsa inda masu ɗaukar aiki za su gani. Zai kuma gargaɗe su cewa abin da mutum ya rubuta a Facebook cikin fushi yana iya jiransa a ranar ganawar ɗaukar aiki, kuma duk tallar aikin da aka ce sai an biya kuɗi kafin a ba da gurbi, a yi hattara da ita. Wannan duka bai fi ƙarfin malami mai ɗalibai ɗari uku ba.

Inda kulawa take lalacewa

Amma ƙofar da ake buɗe wa wani, ana iya rufe ta ga wani. Malamin da ya ji labarin gurbi ya aika wa ɗan garinsu ko ɗan addininsu a ɓoye, ya bar sauran cikin duhu, ya ƙara wa rashin adalcin da muke kuka da shi ƙarfi ne, ko da a ransa yana ganin alheri ya yi. Akwai abin da ya fi wannan muni. A 2019 BBC ta fitar da wani rahoton bincike da ya fallasa yadda waɗansu malaman jami'a a Afirka ta Yamma suke neman ɗalibai mata da lalata a madadin maki ko taimako. Sau da yawa irin wannan ta'asa takan fara ne da fuskar kulawa: "Ki ba ni lambarki, zan taimake ki." Saƙon dare tsakanin mai iko da marar iko wuri ne mai santsi.

To, ina ma'aunin? Ina ganin tambayoyi uku za su isa. Da fari, abin da nake yi wa wannan ɗalibi, zan yarda sauran ajin su sani? Na biyu, da wani ɗalibi mai irin ƙoƙarinsa ya zo, wanda ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, zan yi masa haka? Na uku, ina jiran wani abu daga gare shi? Malamin da lamirinsa ya amsa biyun farko da i, na ukun da a'a, yana kan hanya. Ba laifi ba ne ya yaba wa ɗalibin da ya fi ƙwazo a gaban mai ɗaukar aiki, muddin gaskiya ya faɗa, kuma an ba kowa zarafin nuna ƙwazonsa. Laifin yana cikin ɓoyewa. Saboda haka zauren da kowa yake ciki ya fi saƙon sirri aminci, ga ɗalibi da kuma mutuncin malamin kansa.

Rabon iyaye

Ya ku iyaye, kada mu bar wa malamai wannan kaya su kaɗai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan yaro ya zo hutu, kada tambayarmu ta tsaya a kan sakamakon jarrabawa. Mu tambaye shi ko akwai malamin da ya san sunansa, mu tambaye shi abin da yake yi da wayar da muka saya masa. Mu koya wa 'ya'yanmu mata cewa duk taimakon da aka ce kada su gaya wa kowa, tarko ne. Waɗanda kuma suke da aiki a cikinmu, ma'aikatan jinya da injiniyoyi da akantoci da 'yan kasuwa, mu tuna cewa mu ne sanayyar da ɗan wani yake bukata. Amsa saƙon ɗalibi ɗaya ko karɓar gayyatar malami a yi wa aji magana ba zai rage mu da kome ba.

Ga malamai kuwa, bashin da ya rage bayan an tashi daga aji ba mai nauyi ba ne ƙwarai: ku san ɗalibanku gwargwadon iko, ku faɗa musu gaskiya, ku buɗe ƙofar da kuke da mabuɗinta a gaban kowa. Wani uba a ƙauye da ba za ku taɓa haɗuwa da shi ba ya ba ku amanar abin da ya fi daraja a wurinsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.