Jannatul Arif: Gidan Hutun Sarakunan Garnaɗa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya raya ƙasa da shi bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai mai karatu, a kudancin ƙasar Sifen, a kan tudun da ke fuskantar fadar Alhambra ta birnin Garnaɗa, akwai wani gida da ake kira Jannatul Arif, mutanen ƙasar kuwa suna ce masa Heneralife. Nan sarakunan Banu Nasr, daular Musulunci ta ƙarshe a Andalus, suke fakewa idan zafi ya tsananta, ko hayaniyar fada ta ishe su. An gina shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, Sarki Isma'ilu na Ɗaya kuma ya sabunta adonsa a 1319, shekarar da ya yi galaba a kan rundunar masarautar Kiristoci ta Kastila.

Ginin kansa ba wani babba ba ne, adonsa ma bai kama ƙafar na Alhambra ba. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne ruwa. Tudun nan ba shi da kogi. Muhammadu ɗan Ahmar, wanda ya kafa daular, shi ya sa aka datse kogin Darro daga nisan kimanin kilomita 6, aka fafe magudana a jikin dutse, ruwa ya riƙa gangarowa da nauyinsa, ba inji ba famfo. Sai ya ratsa wannan gida tukuna, ya shayar da lambunan kayan marmari da na kayan miya, waɗanda har yau ake nomawa, sannan ya tsallaka zuwa Alhambra. Masu wannan awo sun yi aiki da hankalin da Allah Ya ba su, sun kuma san haƙƙin ni'ima.

A tsakar gidan, magudanar ta miƙe ɗoɗar tsawon kusan mita 49, furanni da itatuwan lemo dama da hagu. Ruwan da ke tsartuwa sama yana giciye juna, wanda maziyarta ke rububin ɗaukar hotonsa, ƙari ne na 'yan baya. Ni dai inda ya fi ratsa zuciyata shi ne matakalar ruwa: bene ne a inuwar itatuwa, an fafe saman katangunsa biyu, ruwa mai sanyi yana gudana a ciki daidai hannun mai hawa. Masana da yawa suna ganin a da akwai ɗan masallaci a samansa, sarki kan yi alwala yana hawa, ya isa a tsarkake. Mulkin da ya yi wa salla irin wannan tanadi, Allah Ya saka masa.

Sai dai a bangon fadojin nan an sassaƙa taken gidan sarautar ba adadi, cewa babu mai rinjaye sai Allah, amma zuriyar ba ta riƙe abin da taken ke hukuntawa ba. Isma'ilu, wani danginsa na jini ne ya kashe shi a 1325. A ƙarshen zamani Abul Hasan da ɗansa Abu Abdullahi da Zagal, ƙanen Abul Hasan, suka yi ta gwabzawa a kan gadon sarauta, abokan gaba suna cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 2 ga Janairu, 1492, Abu Abdullahi ya miƙa makullan birnin ga sarakunan Kiristoci, Fadinan da Isabela. Ba a yi nisa ba aka tilasta wa Musulmi barin addininsu, daga 1609 kuma aka fara korar jikokinsu daga ƙasar.

Gidan ya koma hannun gwamnatin Sifen a 1921, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1984. Idan Allah Ya kai ka, ɗan'uwa, yanki tikiti tun da wuri, domin ana ƙayyade masu shiga. Hau matakalar nan a hankali, ka tsoma hannu a ruwan, ka roƙa wa magina da manoma da malaman Andalus gafara da rahamar Ubangiji.