'Yar Manomi da Littattafan Sifaniya: Asara Ce ko Riba?

Wani dattijo daga Dagauda, ta ƙaramar hukumar Dambam, ya riƙe hannuna bayan sujada, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, 'yar taka ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ta ce adabin Sifaniya za ta karanta a jami'a. Ga jami'ar kiwon lafiya nan a Azare kusa da gida, ta ƙi. Gero da wake nake sayarwa in biya kuɗin makaranta. Ashe zan sayar da hatsina domin ta je ta karanta tatsuniyoyin waɗansu mutane?" Ban ba shi amsa a ranar ba, gama tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Tsoro iri biyu ne a cikinta: tsoron yunwa, da tsoron kada littattafan baƙi su raba yarinya da tarbiyyar gidansu.

Mu fara da na yunwa, kada kuwa mu raina shi. Iyalin da ke da rumbu ɗaya da yara bakwai ba su da ikon yin caca da kuɗin makaranta. Wanda ya ce wa irin wannan uba ilimi ilimi ne kawai, bai taɓa auna tiya a watan Agusta ba. Duk da haka, ya kamata mu san abin da ake magana a kansa. Mutane kusan miliyan 500 ne aka haifa da Sifaniyanci a bakinsu, yawancinsu a Meziko da sauran ƙasashen Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai a 1968, da shi take aikin hukuma, kuma dubban leburorin Nijeriya sun yi aiki a gonakin koko na tsibirinta Fernando Po, wanda ake kira Bioko yanzu. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai wannan harshe yana iya koyarwa, ko fassara, ko aikin jakadanci. Hanyar tana da ƙunci, ba ta kai ta aikin asibiti tabbas ba, amma hanya ce.

Ƙasar ma ba baƙuwa ba ce a kunnenmu kamar yadda muke zato. Ishiriniya da maƙwabtanmu suke rerawa, Alfazazi ne ya tsara ta, haifaffen Kurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Alfiyya da malaman zaure suke koyon nahawu da ita, ta Ibn Malik ce, haifaffen Jayyan. Garuruwan nan biyu suna cikin Sifaniya ta yau. Manzo Bulus kuma ya yi niyyar zuwa can, ƙasar da Littafi Mai Tsarki ya kira Asbaniya (Romawa 15:24).

Tsoro na biyu ya fi nauyi. Mene ne a cikin waɗannan littattafai? Adabin zamani na Sifaniya ya tsiro ne daga baƙin ciki. A 1898 ƙasar ta rasa Kuba da Fotoriko da Filifin, sai marubutanta suka shiga tambayar abin da ya lalace a gidansu. Daga 1936 zuwa 1939 kuma suka yi yaƙin basasa, maƙwabci ya kashe maƙwabci, aka hallaka dubban limaman coci, aka harbe malamai da ma'aikata. Mu da muka ga rikici a garuruwanmu na Arewa, mun san ɗacin wannan miya.

Ga misali ɗaya. Federico García Lorca, wanda aka harbe kusa da Granada a watan Agusta 1936, ya kammala wasan kwaikwayonsa na Gidan Bernarda Alba watanni biyu kafin mutuwarsa. Wata gwauruwa ce ta kulle 'ya'yanta mata biyar cikin makoki na shekara takwas, don gudun bakin mutane. Babbar ta sami manemi saboda gadonta, autar kuwa ta faɗa soyayya da shi a ɓoye. A ƙarshe autar ta rataye kanta, kuma abin da ya fi damun uwar a gaban gawar shi ne a shaida wa gari cewa yarinyar ta mutu da budurcinta. Wace uwa ce a zumuntar mata za ta ji wannan labari ba ta tambayi kanta ba: sunan gidana nake tsaro, ko ran 'yata?

Misali na biyu ya fi kusa da abin da dattijon nan yake tsoro. Miguel de Unamuno, shugaban Jami'ar Salamanca, ya fitar da gajeren labarin San Manuel Bueno a 1931. Limamin wani ƙauye ne da jama'a suke ɗauka tsarkakke: yana sasanta ma'aurata, yana zama da marasa lafiya, yana taya manoma aiki. Amma a zuciyarsa ya daina gaskata tashin matattu. In ikkilisiya ta kai wannan gaɓa cikin furta bangaskiya, sai ya yi shiru, muryoyin jama'a su rufe shirunsa. Ya ɓoye al'amarin domin yana ganin talakawansa ba za su iya ɗaukar nauyin shakkarsa ba. Marubucin bai yanke hukunci ba, ya bar wa mai karatu. Ƙauna ce ta sa limamin ya yi shiru, ko raini ne ga mutanen da ya ɗauka yara? Ni dai ina ganin ya yi kuskure, gama ya hana 'yan'uwansa damar ɗaukar nauyinsa tare da shi, ya kuma mayar da kansa mai yanke musu abin da za su iya ji. Amma ban kai ga wannan ra'ayi ba sai da labarin ya hana ni barci.

A nan ne amfanin adabi yake. Yana sa mutum ya shiga takalmin wani, ya ɗanɗani jarabarsa, ya yi hukunci tun abin bai same shi ba. Yarinyar da ta yi kokawa da shakkar wannan limami a aji, da malami a gabanta da iyaye masu addu'a a bayanta, ta fi shiri a kan wadda shakka za ta fara ziyarta ranar da ta binne ɗanta. Tukunyar da ba ta shiga wuta ba, ba ta riƙe ruwa. An koya wa Musa dukan hikimar Masarawa (Ayyukan Manzanni 7:22), an koya wa Daniyel rubuce-rubuce da harshen Kaldiyawa (Daniyel 1:4), amma ba wanda ya manta gidan ubansa a cikinsu. A nan Bauchi ma, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, Sa'adu Zungur ya yi waƙoƙi, ba wanda ya ce sun ɓata lokaci.

Kada mu ruɗi kanmu, haɗari yana nan. Akwai waɗanda karatu ya kumbura musu kai, suka dawo suna raina iyayen da suka sayar da akuya dominsu. Sai dai wannan cuta tana kama likita da injiniya ma, gama tushenta girman kai ne. Unamuno kansa ya nuna wani fanni na ilimi. A 1924 gwamnatin soja ta kore shi zuwa tsibirin Fuerteventura saboda sukarta. Da farko ya goyi bayan sojojin da suka yi tawaye a 1936, amma da ya ga kisan da suke yi, ya tsawata musu a bainar jama'a ranar 12 ga Oktoba. Aka tuɓe shi, ya rasu a gidansa ranar ƙarshe ta shekarar. Mutumin da zai iya gane kuskurensa, ya kuma biya farashin gyarawa, karatunsa bai tashi a banza ba.

Da na sake ganin dattijon, ga abin da na faɗa masa. Kada ya sayar da gonar da ƙannenta za su ci, gama hakkinsu ma yana wuyansa. Ya zaunar da ita ya tambaye ta inda za ta yi karatun, da kuɗinsa, da sana'ar da za ta haɗa da shi, ko koyarwa ko fassara. In ta amsa da hankali, ya sa mata albarka, da sharaɗi ɗaya: duk hutun da ta zo gida, ta zauna a tabarma ta ba shi labarin littafi ɗaya da Hausa, su yi muhawara a kansa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "To, ta fara da na limamin nan. Ina da abin da zan faɗa a kansa."